Gaskiyar Ƙasa

Ɗiyata tana koya wa ordinatar, wato kwamfuta, gane hotuna. Da ta zo hutu, na ji ta a waya tana ce wa abokin aikinta su gyara "berite teran". Na tambaye ta ko ta san asalin kalmar. Ta ce amsar da mutum ke rubutawa ce a kan hoto, don na'ura ta gwada tata da ita. Na ce mata kalmar ta girme ta, kuma ni da ƙafata na taka ta.

A shekarar babban fari, zamanin soja, ina malamin gona a yankin Hawandawaki. Aka turo mana wani Bature da hotunan da tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama, da wani laftanan mai rakiyarsa. Da hotunan nan za a ware garuruwan da za a kai wa hatsi. Baturen ne ya warware mini kalmar. Masu karanta hoton sama suka ƙago ta, ma'anarta gaskiyar ƙasa, wato abin da mutum ya tarar in ya je wurin da kansa. Zuwan nan shi ne aikina.

Hoton ya nuna tsiro kewaye da wasu ƙauyuka uku. Na hau amalanke na je. Tumfafiya ce ta cika fili, kore shar, ko akuya ba ta waiwayarta. Gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Wata tsohuwa ta ja ni ta nuna mini gidajen tururuwa da mutanen ƙauyen suka tona suna neman ƙwaya.

Kafin in dawo, laftanan ya cire ƙauyukan daga takardar rabon hatsi. Ya miƙo mini bik na rubutu, ya kira ni yadda ake kiran ma'aikaci da Faransanci.

"Mushe, sa hannu."

"Ranka ya daɗe, ba ni sawa."

"Hoto ya nuna kore."

Na kwance ƙullin da na zo da shi, na zube ganyen tumfafiya bisa teburinsa, nononta na ɗiga kan takardun.

"Ga koren nan. In ana ci, a fara daga teburin nan."

Kwana huɗu na yi a kulle. Ba a taɓa jikina ba, amma kullum da safe sai a kawo takardar, ni kuma in mayar da ita yadda ta zo. Tsoro na ji shi, sai dai fuskar tsohuwar ta fi ta laftanan tsaya mini a rai.

A kwana na uku Baturen ya je da kansa, ya dawo ya sake rahotonsa. Hatsi ya isa ƙauyuka biyu. Mutanen na ukun sun riga sun watse zuwa Najeriya kafin mota ta iso.

Ni kuma aka jefa ni can arewacin Mayahi, inda hanyar mota ta ƙare. Shekara shida na yi a wurin, ban rubuta takardar neman afuwa ba, duk da sau biyu aka aiko a ce in rubuta.