Gidan da Glenys Ta Bari Babu Kowa

Glenys Entwistle ta haura shekara sittin a Layin Clough, cikin garin Accrington, kuma har yau ba ta yarda cewa ita magulmaciya ce ba. Ita dai lura take yi. In ka ga labulen tagarta ya motsa, sama take dubawa ko za a yi ruwa, kuma ba laifinta ba ne in motar da ta kwana a ƙofar gidan Pat bazawara ta faɗo cikin abin da ido ya gani.

A layin aka haife ta, a layin ta yi aure, daga gidan ubanta zuwa na mijinta ko takalmi ba sai ta sa ba. Tana 'yar sha biyar ta bar makaranta ta shiga masaƙa, inda rugugin injuna ya hana kowa jin kowa, har mata suka koyi karanta leɓɓan juna daga wannan bango zuwa wancan. Masaƙar ta daɗe da rufewa, amma ilimin bai bar Glenys ba. Tana iya tsayawa a falonta ta kwashe faɗan miji da mata a tsallaken titi tsaf, ta cikin gilashin tagarta da na tasu. Bayan masaƙa ta raba wa 'yan firamare abinci, bayan nan ta kula da shagon injinan wanki, inda ta san wadda ta daina kawo rigunan namiji da wadda ta fara kawowa. Mijinta Clifford kuwa Allah ya yi masa baiwar shiru. Da safe ya tafi ɗan lambunsa, da yamma ya dawo da albasa, ya zauna a kujerarsa kamar tare aka sayo su.

Da ta yi ritaya, 'yarta Tracey ta ga in ba a raba uwar nan da taga ba, wata rana sai an kira 'yan sanda. Ta kai ta kwalejin garin don a koya mata jera furanni. Aka ce ajin furanni ya cika, amma akwai gurbi a nazarin kafofin yaɗa labarai. Glenys ta tambayi abin da ake yi a can, aka ce mata talabijin ake kallo, sannan a zauna a yi magana a kai. Ta ce ashe tuntuni ita farfesa ce, ba wanda ya gaya mata.

Haka ta riƙa zama kowace safiyar Alhamis a tsakiyar yara masu zobe a hanci, jakarta a cinya, tana raba musu alewa. Malaminsu, Gareth Pugh, saurayi ne ɗan Wales mai gemun da har yanzu bai yanke shawarar fitowa ba. Shi ya ba su babban aikin shekara. Kowa zai tsara wasan kwaikwayo mai dogon zango, irin wanda ake nunawa bayan abincin yamma shekara da shekaru har 'yan wasan su tsufa a idon jama'a. A zaɓi unguwa, a zuba mata iyalai, a ba su wurin haɗuwa, a shirya rigingimun makonnin farko. Sannan a tara irin mutanen da ake sa ran za su kalla, a gwada musu, a rubuta abin da suka ce. Ya ja kunne cewa ba a so a ɗauko mutanen gaske, ƙirƙira ake so.

Glenys ta gyaɗa kai, ta koma gida ta ɗauko mutanen gaske. Ta warware ragowar takardar manna bango a kan teburin girki, ta kifa ta, ta zana Layin Clough gida-gida, da mashaya a kan kwana da shagon kifi da dankali a ƙarshe. Sunaye kawai ta taɓa. Maƙwabciyarsu Sheila ta koma Shirley, amma ciwon ƙafarta da ƙaton karenta suna nan. Pat ta koma Pam, da motar da komai. Abin da ta saba yi a ɓoye yanzu ya samu suna, bincike, don haka ta ɗage labulen gaba ɗaya ta jawo kujera. Da ta ji a aji cewa irin wannan shiri ba ya kama mutane sai an yi mutuwa da wuri, ta duba layin sama da ƙasa, ta kashe Clifford a lambu, tsakanin albasa. Da ta gaya masa, ya ce tun auren Tracey sai yau ta shirya masa wani abu, ya koma kan jaridarsa.

Gida ɗaya ta tsallake, na jikin nata. Ta yi masa ƙofa da taga, ta bar cikinsa fari fat.

Gidan Noreen Ormerod ne. Tare suka shiga masaƙa, tare suka fita. Bango ɗaya ya raba ɗakunan girkinsu, in ɗaya ta ɗora buta sai ta buga bangon da tsintsiya, ɗayar ta shigo ta ƙofar baya ba sallama. Noreen ba ta da surutu, ba ta faɗa da kowa, mijinta Alan ya rasu ba su haihu ba. Iyakar abin da layi ya sani ke nan. Suna 'yan sha bakwai Noreen ta ɓace na wasu watanni, aka ce ta tafi jinyar wata goggonta a bakin teku. Ranar da ta dawo aiki ta tsaya a bayan injinta, ta hango Glenys daga nesa, leɓɓanta suka motsa: na haihu, namiji ne, sun karɓe shi. Ba su sake tayar da zancen ba. Glenys, wadda magana ba ta kwana a bakinta, ta riƙe wannan fiye da shekara arba'in, ko Clifford bai ji ba. Shi kaɗai ne abin da ta taɓa riƙewa, kuma a ranta tana alfahari da haka.

Malam Gareth ya duba zanen ya yi dariya har da share hawaye. Sai ya ce matsalar ɗaya ce. Kowa a layin nan abin dariya ne, babu wanda mai kallo zai kwana da tunaninsa. Ko mutumin da ya mutu a cikin albasa, matarsa ta fi damuwa da abincin da za a raba wa masu gaisuwa. Shirin yana buƙatar mutum guda mai ciwon da yake ɓoyewa, in ta samo shi ba wanda zai kamo ta a ajin. Ya ɗora yatsa a kan farin gidan, ya tambayi wa ke ciki.

"Ba kowa, ɗan nan," in ji Glenys. "Na sayarwa ne."

Abin haushin shi ne yaron yana da gaskiya. Kafin bas ta sauke ta, ta riga ta ga yadda za a buɗe labarin Noreen, da kiɗan da za a sa, har da inda za a yanke a yi tallan sabulu. Zai yi kyau ƙwarai, kuma kyan nan ne ya sa ta jin kunya. Takardar shaida ɗaya ta taɓa samu a duniya, ta koyon iyo, tun tana firamare. Tana son sakamakon nan, ba za ta yaudari kanta ba. Amma ta fi son jin tsintsiya a bango. Ta naɗe takardar, gidan ya zauna yadda yake.

Ranar gwaji ta tara matan layin a falonta, ta fito da kofunan baƙi, ta yi kek. Ta tabbata in suka gane kansu sai ta yi ƙaura. Ba a gama zuba shayi ba suka gane, kuma ba wadda ta yi fushi. Sheila ta ce in dai za a sa ƙafarta a talabijin, to a haɗa ta da likita matashi mai zuwa duba ta har gida. Pat ta ce motar da aka zana ta yi ƙanƙanta, mutumin yana da rufin asirinsa, a gyara. Matar mai shagon kifi ta nemi a ba ta muguwar 'yar'uwa da za ta sauka daga Ostareliya ba zato. Da aka zo kan mutuwar Clifford aka ɗaga hannu, duk suka amince, shi kuma yana ɗakin girki yana wanke musu cokula. Glenys tana ta rubuta ra'ayin masu kallo har hannunta ya yi tsami.

Sai can idonta ya kai kan Noreen. Ta sa tabarau, tana bin layin da yatsa gida-gida tana murmushi. Ta wuce na Sheila, ta wuce na Glenys, sai yatsan ya tsaya. Ta daɗe tana kallon farin wurin. Sannan ta cire tabarau, ta ce shayi ya yi daɗi, ta sa rigar sanyinta ta fita ta ƙofar gaba, rabin kek ɗinta a faranti. Sauran matan ba su lura ba, suna rigima a kan wadda za ta gaji mashaya.

Mutanen Layin Clough in abu ya yi tsanani ba zagi suke yi ba, ladabi suke ƙarawa. Washegari bango bai yi motsi ba. Glenys ta buga, shiru. Da suka haɗu wajen fitar da shara, Noreen ta gaishe ta da kyau, ta ce da alama za a yi ruwa, ta shige. Bayan kwana biyu Glenys ta tarar da kwanonta na gasa nama a bakin ƙofa, wanda Noreen ta ara tun Tracey tana rarrafe, an wanke shi tas an naɗe a leda. Nan hankalinta ya tashi da gaske. Abinci ya daina shiga, taga ma ta fita daga ranta. Sabuwar mota ta kwana a ƙofar Pat, sai a bakin Sheila ta ji. Ga baƙin ciki ga haushi, don sau ɗaya a rayuwarta ta kama bakinta, ga abin da ya jawo mata. Clifford, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya ɗago daga jarida ya ce ko dai ta je ta ga matar nan, ko ta daina huce haushi a kan tukwane.

Ta je ta ƙofar gaba, ta danna ƙararrawar da ba ta taɓa jin kukanta ba. Noreen ta buɗe, ta kai ta falo inda ake ajiye baƙi da masu karɓar kuɗin inshora. Suka zauna, kowacce da ladabinta a fuska.

"Har karen Sheila yana ciki," in ji Noreen. "An ba shi suna, an ba shi hali. Na san ba ni da abin kallo, Glenys, ba sai an zana min ba."

Glenys ta laluba ƙarya, ta ce ko mantuwa ce, ko ba ta kai nan ba tukuna. Ta ga kowacce ta fi gaskiyar muni.

"Ke, abu ɗaya zan iya rubutawa a gidan nan, kuma ba nawa ba ne. Da in taɓa shi, gara in bar gidan fari."

Noreen ta tashi ta shiga ɗakin girki. Glenys ta ji ruwa yana zuba a buta, ta ji an buɗe kabad an rufe, an daɗe, an sake buɗewa. Da ta dawo, a tsofaffin kofuna ta kawo shayin, masu tsaguwa a baki, na 'yan gida.

Ta tambayi Glenys ko ta taɓa tunanin abin da zai sa mace mai hankali ta ƙare rayuwarta tana kallon irin wannan shirme a talabijin, inda wanda aka binne bara yake dawowa bana da sabuwar fuska. Glenys ta ce ita ta ɗauka don mazan ne.

"A can, in aka ba da yaro, dawowa yake yi," in ji Noreen. "Komai daɗewa sai ya zo ƙofa. Ban taɓa ganin wanda bai dawo ba." Ta juya cokali a kofi. "Ki sa ni a ciki. Ki dawo min da shi."

Glenys ta tuna mata cewa matan layi za su gane tun kafin su zauna. Noreen ta ce su gane. Uwarta take tsoro, Alan kuma take jin nauyi, su biyun suna kwance a maƙabarta ɗaya, kuma tun da aka kai su ba wanda ya ce uffan.

Daga nan ta shiga ba da umarni, har ta fi Sheila da Pat a haɗe. Kada a mai da shi likita ko lauya, ba za ta san inda za ta zaunar da shi ba, direban bas ya isa. Kada ya zo da wuƙa, kada ya zo neman a ba shi ƙodarta, ta san halin masu rubuta irin wannan abu. A sa masa furfura kaɗan a gefe, don dangin ubansa da wuri suke yi. Kuma kada a kawo shi ranar Kirsimeti yadda aka saba, gida a hargitse, kowa ya zuba ido. Ya zo ranar Talata da hantsi, bayan ta dawo daga gyaran gashi.

Glenys ba ta zo da takarda ba, a bayan wani tsohon ambulan take rubutawa, idonta yana ta cika tana sharewa da bayan hannu. Ta sauke shi daga bas ɗinsa, ta biyo da shi ta gaban shagon kifi, ta tsayar da shi a bakin ƙofa, aka buɗe. Sai fensirin ya tsaya.

"To, me za ki ce masa?"

Noreen ta kalli kofinta.

"Ke ce 'yar makaranta, ƙawata. Ni kullum a raina ina kawo shi har nan, daga nan ban taɓa samun ko kalma ɗaya ba."

Ta turo mata farantin biskit, ta gyara zama, tana jira.