Kujerar Jakada Ta Ci Aikin Yayana

An kori yayana daga aiki saboda kujera. Bai ɗauki kayan kowa ba, bai zagi kowa ba. Ya jera kujeru ne yadda aka ce ya jera.

Tun yana saurayi yake aiki a hedikwatar ƙungiyar ƙasashen yankinmu. Da dakon kaya ya fara, har ya zama shi ke shirya zauren taro: tebura, tutoci, ruwan sha. 'Ya'yana Kawu Kujera suke ce masa, don ko suna ake yi a gidanmu sai ya tashi mutane ya gyara musu zama.

A zauren akwai wata ƙatuwar kujerar fata mai hannu. Duk zuwan da jakadan wata babbar ƙasa zai yi, wadda kowa ke tsoron ɓata mata rai, a kan dandamali ake ɗora masa ita. Ministocinmu kuwa suna ƙasa, suna ɗaga kai kamar 'yan aji ɗaya.

Bana shugabanni suka ce ya isa haka, za su yi magana da murya ɗaya, a zauna kafaɗa da kafaɗa. Shugaban sashen tarbar baƙi ya kira Yaya, ya faɗa masa da bakinsa: tebur zagayayye, kujeru iri ɗaya, ƙatuwar a fitar da ita. Ranar Yaya ya biyo ta gidana yana washe baki.

Ya ce, "Auta, yau na raka gimbiyar zuwa ɗakin ajiya."

Na ce, "To, bayanka ya huta ke nan, Yaya."

"Bayana? Wuyan ministoci dai."

Washegari jakada ya shigo, ya dubi teburin, ya ƙi zama. Wai kansa ke ciwo, ya juya ya fita. Nan murya ɗaya ta watse. Wasu ministocin suka ce a tsaya a kan magana, wasu suka tuna hanyoyin da ƙasar jakadan ke gina musu. Da suka rasa yadda za su yi, sai aka sanar a rediyo cewa kuskuren wani ma'aikaci ne.

Shugaban sashen ya ja Yaya gefe. "Baba, ka ce mantuwa ka yi. A mayar da kai gadin ƙofa, magana ta mutu."

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, ban manta ba. Kai ka ce, kuma daidai ka ce."

A ƙofa aka karɓe makullansa.

Yanzu yana gida. Matarsa ta ce ba zaman ne ke cinsa ba, kalmar kuskure ce. Mutumin da bai taɓa juya tutar wata ƙasa ba, yau yaran unguwa na tsokanarsa da tsohon da ya kunyata yanki. Bai sunkuyar da kai ba, ni ma ba zan sunkuyar ba.

Ku da kuka yanke shawarar, da ku nake. In tsoro ya kama ku, ku ce tsoro ne, kowa ya san girman wanda kuka tunkara. Amma ku sauke laifin daga kan dattijon da ya fi ku tsayuwa. Ku koma rediyon da kuka ɓata masa suna, ku faɗa cewa umarninku ya bi, sannan ku mayar da shi bakin aikinsa.