Rabon Gadon Na'urar Mushe Alhusaini

Ƴan uwa membobin ƙungiyar unguwarmu, assalamu alaikum.

Haƙƙi biyu ne suka rataya a wuyana yau, kwana arba'in bayan rasuwar Mushe Alhusaini, wato Malam Alhusaini a bakin ƴan boko masu Faransanci. Na farko, a matsayina na ƙaninsa a zumunci, wanda ya sha shayinsa shekara talatin, in ambaci alherinsa. Na biyu, a matsayina na magatakardan wannan ƙungiya, in sanar da ku cewa hotunan takardun filaye da gidajen unguwar nan, waɗanda kuka damƙa mini amanarsu, ba sa hannuna. Suna cikin ordinatar ɗin marigayi, wato na'urar kwamfutar nan da ya harhaɗa da hannunsa, ita kuwa yanzu ta warwatsu gari uku. A cikinsu har da takardar iyakar gidan Hajiya Tekna, wadda alƙali ya ba mako uku ta kawo shaida, in ba haka ba maƙwabcinta ya ja katanga ta tsakiyar madafinta. Zan bi al'amarin daki-daki, yadda na saba a shekarun da na yi ina aikin girefiye, wato magatakarda, a kotu.

Kowa a nan ya san aljihun gaba na rigar marigayi. Inda wasu ke soke alƙalami, wasu asawaki, shi turnabis yake sokewa, abin kwance noti mai jar ƙota, wanda ya baro garin Cirozerin da shi ranar da ya ajiye aiki a tashar wuta. Ba a taɓa ba shi kyauta ya yi godiya kafin ya juya ta ya nemi inda aka ɗaure ta ba. Rediyon da surukinsa ya kawo masa daga aikin hajji bai kai la'asar a rufe ba. Agogon masallacinmu ya sha hannunsa sau biyu, kuma tun daga lokacin ladan ya koma duba inuwa. In an yi masa magana sai ya ce, "Abin da aka liƙe wa baki, akwai abin da yake ɓoyewa."

Shekarar da wannan majalisa ta yanke shawarar sayen ordinatar don adana takardu, ni da shi aka tura kasuwa. Umarnin a rubuce yake: a sayo na'ura haɗaɗɗiya, cikin kwalinta, a kawo ta biro, wato ofishin ƙungiya, a jona. Aikin sa'a guda ne. Mai butik, wato mai kanti, ya sauko mana da wata baƙa mai sheƙi, ya kunna, ta tashi shiru kamar kyanwa. Ni har na fara neman inda zan sa hannu. Sai na ga hannun marigayi ya nufi aljihu.

Mai butik ya ce, "Baba, don Allah kada ka taɓa. Ka ga ƴar takardar nan da aka manna? In ta yage, garanti ya tashi."

"Mi ne ne garanti?"

"Alkawarin kamfani ne. Shekara guda, in ta lalace a sake maka."

"Wato su ma sun san za ta lalace. Kai ɗana, ubanka ya taɓa sayen raƙumi bai buɗe bakinsa ba?"

"Baba, wannan ba raƙumi ba ce."

"Shi ya sa. Raƙumi ko ya mutu ka ci nama."

Muka dawo hannu rabbana. A taron da ya biyo baya marigayi ya miƙe ya yi jawabin da ya ci shafi huɗu na rajistata, ya ce zai haɗa wa unguwa na'ura guntu-guntu, daga aljihunsa, a ɗakinsa, kowa ya zo ya amfana. Da kuka ji "daga aljihunsa" sai duk kuka ɗaga hannu. Mutum ɗaya ne bai ɗaga ba, kuma sunansa na nan a rubuce. Na ce amanar jama'a ba ta zama cikin kayan mutum ɗaya. Shugaba ya ce, "Girefiye, kai dai rubuta."

Marigayi ya ce wata biyu zai gama. Wata goma sha huɗu aka yi. Babban allon da ake dasa sauran kaya a kai, wanda ake kira kartmer, daga Yamai aka aiko shi cikin motar albasa mai komawa Tabelot, an cusa shi ƙarƙashin kujerar direba. Har na'urar ta bar duniya, in ta ɗumama sai ɗakin ya ɗauki ƙamshin miya. Akwatin kuwa ya ƙi sayen na kanti. Wurin maƙerin unguwa ya je da awo a takarda, ya zauna a kansa kwana tara, har maƙerin ya rantse cewa gara ya ƙera wa amarya goma kayan azurfa.

Sai maganar memuwar, ɗan siririn abin nan mai kama da mataji da ke taimaka wa na'ura tunani. Ya saye shi hannun wani mai haƙar zinariya da ya dawo daga daji yana neman kuɗin mota, ya zo yana yi mini alfahari da arahar da ya samu. Aka zo sakawa, ya ƙi shiga. Ya juya shi, ya ƙi. Ya hura ramin, ya yi bisimilla, ya ƙi.

Na ce, "Yaya, ga alama ba jinsinsu ɗaya ba. A sayo wani, ai ƙaramin abu ne."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Girefiye, baƙo ya zo gidanka ya tarar ƙofa ta yi masa kaɗan. Laifin baƙo ne?"

"To me za a yi?"

"A sake gida."

Haka ya ajiye kartmer ɗin da ya jira wata biyar, ya aika aka sayo wani wanda zai karɓi ɗan matajin. Daga baya ya gano cewa sabon allon ba ya jituwa da ƙwaƙwalwar da ya riga ya saya, ita ma aka sake ta. Duk don kada a ce Alhusaini ya yi sayen banza. Bayan an cire tsohon allon kuwa, da muka ji warin albasa ya bi na'urar duk da haka, sai muka gane direba ɗaya ne ya kawo duka biyun.

Da bazara ta kama, na'urar ta fara suma da tsakar rana. Na ba da shawara a rage mata aiki daga azahar zuwa la'asar, kamar kowane mai hankali a garin nan. Ya ce na'urarsa ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce. Ya dasa mata fanka bakwai, biyu daga cikinsu ya ciro su ne daga wata matacciyar mota. Ranar da ya kunna su gaba ɗaya ina wurin. Takardun da ke hannuna sai da na bi su tsakar gida. Ba a jima ba aka yi sallama. Wata tsohuwa ce daga bayan layi, da ƙwaryar gero a ka.

"An ce nan aka buɗe sabon injin niƙa."

Na buɗe baki zan yi mata bayani, ya taka mini ƙafa. Ya karɓi geron, ya ce ta dawo bayan la'asar. Ya ɗaura ƙwaryar a bayan babur ɗinsa, ya kai injin bakin kasuwa, ya dawo da gari. Na ce, "Yaya, me ya kai ka?" Ya ce, "In na ce mata ba inji ba ne, gobe duk unguwa za ta ce na'urata na da ƙara." Sau huɗu tsohuwar tana dawowa. A na biyar ta daina, wai garinsa bai kai na bakin kasuwa laushi ba.

Adalci ya wajabta in faɗi ɗaya gefen. Na'urar ta yi aiki. Ta shugaba, wadda ɗansa ya sayo masa a kwali da garantinta, ta mutu wata goma sha uku cif, kuma marigayi ya je har gida ya yi masa ta'aziyya, da goro. Ta marigayi kuwa shekara tara tana ruri. Shi ya bi gida-gida ya karɓo takardunku, ya ɗauki hoton kowace, ya adana, ya mayar. Da damina ta yi mana ɓarna, rufin biro ya rufta, gidaje da dama ruwa ya shiga, asalin takardu suka zama kunu, har da ta Hajiya Tekna, abin da ya tsira shi ne abin da ke cikin wancan akwatin maƙeri.

Ganin haka na sayi ƴar kile, wadda ake kwafe bayanai a ciki, na kai masa. Ya karɓa, ya jujjuya, ya nemi noti, bai samu ba.

"Ta ina ake buɗe ta?"

"Ba a buɗe ta, Yaya. Sokawa ake yi."

"To je ka soka ta inda ka samo ta. Ba zan zuba asirin unguwa cikin abin da ban ga hanjinsa ba."

Sau uku na gabatar da wannan buƙata a gaban majalisa. Sau uku aka yi dariya aka ce a bar tsoho da kayansa. Shafukan na nan ga mai son dubawa.

Yanzu ga abin da ya faru bayan rasuwa, kamar yadda na tattara daga bakin waɗanda suka halarta, domin ba a gayyace ni ba. Marigayi ya bar mata ɗaya, ƴaƴa maza biyu, mata uku, da wata jaka cike da rasidai, kowane guntu na na'urar da takardarsa. Malamin da ya zo rabon gado ya yi abin da ya dace: ya ce abu guda ne, mutum ɗaya ya ɗauka a cikin rabonsa. Babban ɗa, Gali, ya ce shi. Ƙaninsa ya ce ai shi ya iya Faransanci. Matan suka ce uban kowa ne. Aka kai azahar. Sai Gali ya zazzage jakar a tabarma ya ce, "Malam, a ina aka ce abu guda ne? Ga takardu goma sha bakwai." Malam ya ce in sun yarda a tsakaninsu, shi ba zai hana ba, ya tafi salla. Kafin ya dawo an gama fiɗa. Da ta kanti ce mai liƙaƙƙen baki, da sun yi fushi sun bar wa mutum ɗaya. Amma marigayi ya haɗa tasa yadda ko makaho zai kwance ta, ya kuwa sha faɗin haka a gabansu.

Na bi sawu. Akwatin na wurin uwargida, ta zuba sukari da ganyen shayi, ta ce ba ta taɓa samun abin da tururuwa ta kasa shiga ba irinsa. Gilashin kallon yana wurin Gali, ya jingine shi a falo, ba ya nuna komai sai fuskar mai shigowa. Fankokin sun tafi Dabaga tare da Fatima, ƴar marigayi. Na tambayi Gali inda diskidur yake, wato ma'ajiyar da takardunku ke ciki.

"Wane ne shi a cikinsu, Kawu?"

"Ɗan ƙarfe ne mai nauyi, kamar sandar sabulu."

"A'a, wannan ai ba a so shi ba. Ba ya haske, ba ya juyawa. Ina jin cikon rabo aka yi da shi."

"Cikon rabon wa?"

"Ko Fatima, ko ƙanena. Shi kuwa ya koma dajin zinariya, sai an hau dutse ake samunsa a waya."

Na aika wa Fatima. Amsar da ta dawo ita ce akwai wani ƙarfe mai kama da haka, mijinta na ɗora shi a sikeli in zai auna tumatir, wai ya yi daidai da rabin kilo. Ban tabbatar ba. Tun da na ji wannan labari abinci bai yi mini daɗi ba.

Saboda haka nake gabatar wa majalisa buƙata a hukumance. A kafa kwamitin mutum uku ya binciki inda ma'ajiyar ta shiga. A rubuta wa magada shida takarda mai hatimi, a bayyana musu cewa ƙarfen nasu ne, babu mai ja, amma abin da ke ciki na unguwa ne. A kuma roƙi alƙali ya ƙara wa Hajiya Tekna wa'adi, domin laifin namu ne, ku da kuka ɗaga hannu, da ni da na rubuta.

Na je duba marigayi a asibiti kwana biyu kafin ya cika. Numfashi yake da ƙyar. Ya kama hannuna, na sunkuya ina tsammanin wasiyya ce. Ya ce, "Takardar Tekna, hatimin ya ɗan dushe a kusurwa. Na ɗauke ta sau biyu. Ka nuna wa alƙali ta biyun." Bai taɓa karɓar ko kofin shayi a hannun kowa ba don wannan aiki, kuma ya san iyakar gidan kowannenku fiye da yadda ya san ranakun haihuwar ƴaƴansa.

Allah ya jiƙan Alhusaini, ya yafe masa taurin kansa, ya yafe mana dariyarmu. Allah ya tattara masa ayyukansa na alheri wuri guda, kada ko ɗaya ya salwanta, ya sanyaya makwancinsa. Amin.

Ina roƙon shugaba ya sa a kaɗa ƙuri'a yanzu, kafin a raba goro a watse. In majalisa ta amince, a sama mini mota zuwa Dabaga gobe da sassafe, kafin a fara awon tumatir.