Ƙanwata Ba Ta Duba

Jiya da hantsi Kawu Sale ya shigo gidanmu a Daura yana waige-waige, ya ce a kira masa Hadiza.

Hadiza ƙanwata ce, hutu ta zo. Digiri na uku take yi a waje, kan hasken tarin taurari masu nisa, wanda ya taso tun farkon halitta, sai yanzu yake isowa na'urar hangen nesa.

Wannan Kawun ne ya miƙe a wajen suna a Zango ya ce gidanmu an tura 'ya koyon duba. Tun ranar Inna ta daina zuwa Islamiyya, saboda kallon da mata suke mata.

Da Hadiza ta durƙusa ta gaishe shi, sai ya rage murya: "'Yata, shanu zan kai Mai'aduwa. Ɗan duba min ko tafiyar za ta yi kyau."

Ta ce, "Kawu, hasken da nake karanta ya girmi duniyar nan, labarin abin da ya wuce yake kawowa. Gobe kuwa sai Allah."

"Ba wanda zai ji fa."

Raina ya ɓaci. Na raka shi zaure na ce, "Kawu, a gaban jama'a ka ɓata ta, a can za ka gyara." Ya sa takalmi ya fice.

Har yau Inna ba ta koma Islamiyya ba, shi kuwa yana sahun gaba a masallaci. Da kawunku ne, me za ku ce masa?