Gidaje Bakwai na Baffa Iro

Managil

Ladan na kiran asuba na je tayar da Mu'azu, na tarar har ya sa takalmi yana zaune a bakin gado. Tun jiya na lissafa masa garuruwan da za mu bi, Madani, Sinnar, Sinja, Abu Na'ama, Damazin, Rusairis, ya wuni yana maimaita su. Mu'azu ɗana ne, shekararsa goma sha tara, ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Likitocin Madani sun ce wata larura gare shi da suke kira tawahhud. Ba ya son a taɓa shi, ba ya kallon idon mutum, kuma ba ya cin abincin da ba ni na dafa ba. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami.

Bara hawan jini ya kayar da ni a cikin aji ina koyarwa. Kwana biyu na yi a asibiti, a kwana biyun nan ruwa kaɗai ya shiga cikin Mu'azu. Tun daga ranar tambaya ɗaya ta hana ni sakat: idan na mutu, wa zai ciyar da shi? Na koma kan littattafaina, na Larabci da waɗanda aka fassara, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Dukansu maganar yara suke yi, sai ka ce irin su Mu'azu ba sa tsufa. Ni ma da na rubuta ɗan littafi a kan renonsa, a shekara goma sha biyar na tsaya.

Sai na tuna mahaifina ya taɓa ambaton wani ɗan baffansa a wani ƙauye kusa da Rusairis, Baffa Iro, wanda ya ce tun yana yaro "ba irin kowa ba ne". An ce yana raye, ya haura saba'in. Na ce sai na je na ga yadda tsufan yake da idona.

Ƙarfe biyar da rabi muna tasha. Na biya kuɗin kujera uku a hafla, ƙaramar bas ɗin da muke hawa, don kada kowa ya matse shi. Yaron mota ya dube ni ya dubi kujerar.

"Hajja, na ukkun yana ina?"

"Shina nan, ba ka ganinai ne," na ce.

Ya yi dariya ya karɓi kuɗinsa. Muka ratsa gonakin Jazira gari na wayewa, masu ban ruwa har sun shiga hawasha, wato filayen nomansu, da manjagara a kafaɗa. Mu'azu ya manna goshi a gilashi yana kallon ruwan tur'a, magudanar da ke shayar da gonakin. Ruwa mai gudu yana cikin abubuwan da ke kwantar masa da hankali.

Madani zuwa Sinnar

A Madani muka sauya mota. Na sayi shayi da wake wajen wata mai shayi, shi kuma na buɗe masa kwanon da na taho da shi daga gida, kisra, siririyar wainar dawa, da dafaffen ƙwai. Mai shayin ta miƙa masa ƙosan fulawa kyauta, ya kawar da kai kamar ba da shi take ba. Na ba ta haƙuri. Na daɗe da ƙwarewa wajen ba da haƙuri.

Gab da Sinnar aka tsayar da mu a shinge. Wani soja ya leƙo yana duba katin shaida, ya zo kan Mu'azu ya nemi nasa da Larabci.

"Ya zol, bitaƙa."

"Ya zol, bitaƙa," in ji Mu'azu, idonsa na kan rufin mota.

Fuskar sojan ta canza. Na shiga laluben katinsa a jaka. Direbanmu, wani dattijo Bahaushen garin Mai Wurno, ya juyo da sauri yana ba sojan haƙuri.

"Malesh, janabu. Bawan Allah ne, albarka ce muka ɗauko."

Sojan ya duba katin ya wuce. Na gode wa direban ƙwarai, don ya fitar da mu. Amma a raina na ce, yau kuma albarka muka zama. Jiya a kasuwa miskini aka kira shi, shekaranjiya mai aljanu. Sunansa dai Mu'azu, kuma ba shi da wuyar faɗa.

Abu Na'ama

Rana ta yi sanyi muka sauka a Abu Na'ama, a gidan Asabe, ƙawata tun makarantar horon malamai. Ko gaisawa ba mu gama ba na roƙe ta aron murhu.

"Baƙuwa da girki? Kin zo ki kunyata ni ga maƙwabta?"

"In ba ni niy yi ba, ba shi ci."

Ta miƙo mini tukunya. Na tuƙa masa tuwon asida.

Washegari da hantsi Asabe ta tara matan unguwa a rumfarta, aka dafa jabana, wato gahawa, ta ce lallai sai na karanta musu littafina. Na karanta babin da Mu'azu ya fara kiran sunana yana ɗan shekara bakwai. Wasu suka share hawaye da bakin mayafi, ni kuwa har kaina ya fara girma. Sai wata tsohuwa da ke ɓarar gyaɗa a gefe ta ɗago.

"To, daga ƙarshe ya warke?"

"A'a, Inna. Ba ciwo ba ne da za a warke."

"To littahin bai ƙare ba ke nan," ta ce, ta ci gaba da ɓararta.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Shekara uku na yi ina rubuta abin nan. Na rufe littafin, muka je muka shiga motar Damazin.

Rusairis

Hanyar nan ta gwada mu. Ramuka, ga direba ya ƙure rediyo. Mu'azu ya toshe kunnuwa ya fara jijjiga yana gurnani, fasinjoji suka zuba mana ido. Na roƙi direban, ya rage, Allah Ya saka masa. Daga Damazin muka ƙetare kogi zuwa Rusairis, daga can muka hau bayan wata motar kaya tare da buhunan riɗi, har ƙauyen.

Gwaggo Hajara, ƙanwar Baffa Iro, ita ta tarbe mu. Gajeriyar tsohuwa ce mai kaifin murya. Ta rungume ni tana kiran sunan mahaifina. Da ta juya ga Mu'azu na yi shirin shiga tsakani kamar yadda na saba, amma ko hannu ba ta miƙa masa ba. Ta tura masa kujera da ƙafa, ta ce, "Ga wurinka," ba tare da ta kalle shi ba. Ya zauna. Wannan ne karo na farko da muka shiga wani gida ban yi bayanin komai ba.

Baffa Iro yana zaune a gindin wata tsamiya a bayan gida, dogo siriri mai farin gemu, yana tufka igiyar kaba ta ɗaurin gado. Na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa ba, bai ɗago ba. Yadda yake karkatar da kai gefe yana sauraro, sak Mu'azu.

A hanya na riga na rubuta haɗuwarsu a kaina: za su zauna tare, su gane juna ba magana, ni kuma in sami babi mai daɗi. Abin da ya faru shi ne, Mu'azu ya ga kabar a jere ya ɗauki ɗaya. Baffa ya fizge abinsa, ya yi tsaki, ya kwashe kayansa ya koma ɗaya gefen bishiyar. Har muka bar garin ba su ƙara kusantar juna ba.

Washegari ana idar da sallar azahar Baffa ya naɗe igiyarsa, ya shiga ɗaki ya ɗauko wani kwanon sha mai murfi, ya fita daga gidan.

"Gwaggo, ina za shi? Ga abinci kin sauke."

"Yau Talata. Gidan Malam Buba shika ci."

Na bi shi daga nesa. Ya miƙe ta bayan masallaci, yara suna buɗa masa hanya ba mai tsokana. A ƙofar wani gida an riga an shimfiɗa ƙaramar tabarma ita kaɗai, nesa da ta maza masu ci a tire ɗaya. Ya ajiye kwanonsa. Matar gidan ta fito ta zuba masa, miya a gefe ba a kan tuwon ba, ta koma ciki. Ya ci ya ƙoshi, ya wanke kwanonsa, ya tashi.

Da na dawo na zauna kusa da Gwaggo tana tsintar kuɓewa, ta ba ni labarin. Gidaje bakwai ne, kowanne da ranarsa, nata Juma'a. Da rana can yake ci, da safe da yamma a wurinta.

"Innarmu ita ɗai ka yi mai abinci, tun shina yaro har yay yi furfura," ta ce. "Kowa na yabon ta. Ranar da tar rasu, Iro yad daina ci. Mun yi roƙo, mun yi faɗa, an yi rubutu an ba shi. Sai da yak koma ƙashi da fata, munka ɗauke shi zuwa mustashfa, asibitin nan na Damazin. Da yat tashi nic ce wallahi ba a ƙara yi muna haka. In ni ɗai yas saba da ni, ran da nib bi Inna mi za a yi?"

Ta bi dangi da maƙwabta gida gida. Wasu suka ce ta gaji da ɗan'uwanta ne take neman inda za ta yar da shi. Har yau akwai wadda ba sa gaisawa saboda maganar nan. Shi ma Baffa bai sauƙaƙa mata ba, ya sha kifar da kwano a ƙofar mutane ya dawo. Da gida ɗaya aka fara, aka fi damina guda kafin a ƙara na biyu. A cikin bakwai ɗin mata biyu sun rasu, surukansu suka gaji ranar.

"Ran da Ladi mai Alhamis tar rasu ya yi kewa, ya ƙi cin Alhamis har wata guda," in ji ta. "Amma ya ci Juma'a."

Sai ta nuna Mu'azu da tsinken kuɓewa.

"Wanga hwa, hannun wa yas sani ban da naki?"

"Ba kowa, Gwaggo."

"Ba ki da 'yan'uwa a Managil?"

"Ina da ƙane, Sule, katanga ɗaya ta raba mu. Amma ba na son ɗora wa kowa nauyi."

"Nauyi na nan tahe gare su ko kin so ko ba ki so. Gara ki ba su shi kina da rai, ki gwada musu inda aka riƙo."

Na buɗe baki zan ce ba ta san wahalar da na sha ba, sai na tuna da wa nake magana. Na sunkuyar da kai na taya ta tsintar kuɓewa.

Komawa gida

Kwana uku muka yi. Ranar tafiya na je yi wa Baffa sallama, bai kula ni ba, kuma ban ji komai ba. Na bar wa Gwaggo littafina, ta ce jikarta za ta karanta mata in ta gama shara. Muka biyo hanyarmu, muka sake kwana a wajen Asabe, washegari da la'asar muna Managil. Alhamdu lillahi da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Ina godiya ga Asabe da murhunta, da direban nan na Mai Wurno da ban ko tambayi sunansa ba, da Gwaggo Hajara da ba ta tauna mini magana ba.

Sai da na yi mako guda ina kai da kawowa kafin na iya shiga gidan Sule da maganar. Shi da matarsa Hawwa suka saurare ni har na gama. Sule ya share ido ya ce su ba su san yadda za su tambaye ni ba ne. Hawwa kuwa cewa ta yi, "Wace rana?"

Muka zaɓi Asabar. Asabar ta farko na kai shi, na zauna a gefensa, bai ko kalli kwanon ba. Ta biyu ma haka, ina ta cewa Hawwa gishirin ya yi yawa, kisrar ta yi kauri, ba haka nake naɗe ta ba. A ta uku Hawwa ta tare ni a ƙofar gida.

"Yaya, don Allah ki tahi gida. Ke ka hana shi ci da wanga kallo naki."

Na koma. Na zuba abincina na zauna ni kaɗai a tsakar gida, abin da ban yi ba tun da na haife shi. Ko loma ɗaya ban iya kaiwa baki ba, kunnena na kan katanga ina jiran in ji gurnaninsa ko ƙarar kwano a ƙasa. Ban ji komai ba. Can sai kan Hawwa ya leƙo ta saman katangar, ta ɗaga kwanon ta karkata mini shi. Ya ci wajen rabi.

Na ce alhamdu lillahi ya fi a ƙirga. Sannan na shiga ɗaki na yi kuka sosai, kuma ba na farin ciki kaɗai ba ne, har da kishi, don kisrar Hawwa ba ta kai tawa ba. Da na wanke fuska na fito, na fara tunanin wanda zan roƙa ya karɓi Litinin.