Saƙon 'Yan Kasuwar Ringim

Duk sanda na ji ƙanshin ƙuli-ƙuli a cikin mai, sai in gan ni a kasuwar Ringim, zamanin da jirgin ƙasa ya fara ratsa garinmu, ina riƙe da hannun ƙawata.

Mahaifinta malamin allo ne a unguwarmu. Da aka gama cirar gyaɗa a wannan kakar, ya ɗaura niyyar Makka a ƙafa, shi da iyalinsa duka. A lokacin, wanda ya nufi gabas ba a san ranar ganinsa ba, wasu a hanya suke furfura. Ana gobe za su tashi, innarta ta aike ta ta zaga masu sana'a ta yi musu sallama. Ni kuwa na bi ta, rabi don ƙauna, rabi don na san ba za a sallame mu hannu rabbana ba.

Muka fara da tsohuwa mai waina a gindin tsamiya. Ta cika mana ganye da waina mai zafi, ta ce, "'Yar malam, in kin ga Ɗakin Allah, ki roƙa mini sauƙin gwiwar nan." Mai tsire ya miƙo mana tsinke, ya sunkuyar da kai, ya ce a roƙa masa haihuwa. Bafulatana mai nono ta dama mana fura, ta ce a tuna da shanunta. Hayaƙi yana tashi a hankali, rana ta yi ja, ni dai ji nake kamar kasuwar ba ta da ƙarshe.

A bakin tasha muka shiga sabon kanti, mai ƙanshin sabulu da atamfa. Nan na fara ganin fuskokinmu biyu a madubi guda. Akawun kantin, baƙo ne da muke tsoro, ya rage murya ya ce a roƙa masa ya sake ganin mahaifiyarsa.

A hanyar gida ƙawata tana ta bitar saƙonnin kamar karatun allo, ni kuma ina gyara mata da baki cike. Can ta ce, "Ke fa, ƙawa, me zan roƙa miki?"

Na ce, "Ke dai ki dawo."

Ba ta dawo ba. Labarinsu ya yanke bayan sun wuce Barno, kuma har yau abin yana mini ciwo.

Yanzu tafiyar ta zama ta wuni guda. Ni ma sai da haƙorana suka zube 'ya'yana suka ɗora ni a jirgin sama. Na yi ta leƙen fuskar kowace tsohuwa a Harami, ban gan ta ba. Sai na tsaya gaban Ɗakin na ɗaga hannu, don ban sani ba ko ta iso da saƙon. Na fara da gwiwar mai waina.