Hannun da Ya Fara Jefa wa Sale

Shekara ashirin ke nan da rasuwar ƙanena Sale, Allah ya jiƙansa. Ban yi boko ba, na sa a rubuta min ne, amma maganar tawa ce.

Samarin Roni sun gyara fili za su sa masa sunansa. Suka zo da ladabinsu, suna roƙon ƙwallon nan mai kama da gora da ya kawo daga Amurka, wai za a ajiye ta a gilashi. Na tambayi abin da za a faɗa ranar buɗe filin. Suka ce wani malamin makarantar Kazaure ne ya koya masa cafke. Na ce su gaida gida.

Ni na koya masa. Shekarun da aka sami mulkin kai, duma muke nomawa a gindin dutse. Don mu gama da wuri, ina tsakiyar gona ina jefowa, shi yana gudu wajen jaki yana cafkewa ta kan kafaɗa, ba ya ko tsayawa. In ɗaya ya fashe, mu biyu Baba ke zanewa. Sale bai yarda an zane ni sau biyu ba.

Da kuɗin mai ya zo, gwamnati ta tura shi karatu Amurka. A jami'ar can suka ga gudunsa, suka sa shi wasansu, aikinsa ya ruga a jefo masa ya cafke. Daga nan wata ƙungiya ta ɗauke shi da albashi, har gwiwa ta kayar da shi. Ni kuwa ina nan ina fafe ƙwarya. Hoton da ya aiko, ga wani dogon Bature ya rungume shi, wai shi ne mai jefa masa. Na kifa hoton a ƙasan adaka. Na ji haushin jirgin da ya hau, na ji haushin takalmansa, amma ba kamar na wannan mutumin da ya gaje min wuri ba.

Da ya dawo yana ɗingishi, ya miƙo min ƙwallon a tsakar gida, ya ja baya har bakin rumbu. Na jefa. Ya cafke, ya yi dariya.

"Yaya, a can mai jifa shi ne babba. Kuma ban sami hannu irin naki ba."

Kaji kaɗai suka ji. Bai taɓa maimaitawa a gaban maza ba, har ya koma ga Allah. Da yana raye ya ga yaran yanzu suna kallon wasan a waya, na san dariya zai yi, ya ce in bar su su faɗi abin da suka ga dama. Shi mai sauƙin kai ne. Ni ba haka nake ba.

Gudunsa ya tafi da shi, filin ma wata rana gidaje za su cinye shi. Abin da ya rage wannan ƙwallon ce, da kafaɗata mai ciwo in damina ta faɗi. Samari, ku ce Hansai yayarsa ta fara jefa masa. In kun faɗa a lasifika, ku tsaya daga nesa, ni zan jefo muku da hannuna.